Yadda Ake Haɗa Mayafin Haske a Manhajar Gyaran Hoto

Hoton faɗuwar rana yakan tona asirin mai gyaran hoto. Sama ta yi fari fat, ƙasa ta yi duhu, ga bishiyoyi a tsakani da ƙananan rassa ba iyaka. In ka rage haske don launin gajimare ya dawo, ƙasa ta ƙara nutsewa. In ka ɗauki burushi ka shafa sama kaɗai, sai wani farin zobe ya kewaye kowace bishiya, ko wanda bai san aikin ba ya gane an taɓa hoton. Hannu ba ya iya bin ganye ɗaya bayan ɗaya, amma shi hoton ya riga ya bambance su: sama tana da haske, reshe yana da duhu. Abin da ya rage shi ne a sa manhaja ta yi zaɓi da wannan bambancin. Wannan dabara ita ce mayafin haske, wadda a manhajoji da darussa za ka tarar da ita da sunan luminosity mask.

A manhajar gyaran hoto, ana jera hoto da gyare-gyarensa hawa-hawa, kowane hawa shi ne leya. Mayafin leya, wato abin da ke rufe wani sashe nata ya buɗe wani, ƙa'idarsa ɗaya ce. Inda yake fari gyara yana fitowa gaba ɗaya, inda yake baƙi gyara ba ya fitowa, inda yake ruwan toka kuma gyaran yana fitowa gwargwadon hasken tokar. Mayafin haske kuwa kwafin hoton ne da kansa a baƙi da fari, aka ɗora shi a matsayin mayafi. Saboda haka bakinsa ba ya taɓa saɓa wa bakin abin da ke cikin hoton, kuma yana narkewa daga fari zuwa baƙi daidai yadda hasken hoton yake narkewa. Mai ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa Tony Kuyper, ɗan Amurka, shi ne ya yaɗa dabarar da darussan da ya wallafa a 2006, daga baya aka yi ta ƙera allunan da ke haɗa mayafan da danna ɗaya, irin su TK, Lumenzia da Raya Pro. Suna rage wahala, amma wanda bai taɓa haɗa mayafi da hannunsa ba, maɓallai kawai zai riƙa dannawa yana jiran sa'a.

Zan bi Photoshop ne dalla-dalla. Mai Mac ya sa Cmd inda na ce Ctrl, ya sa Option inda na ce Alt.

Kafin a fara

Buɗe hoton a 16-bit, musamman in daga RAW ya fito, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba. A 8-bit kowace tashar launi matakai 256 kawai take da su, daga 0 zuwa 255, kuma da ka fara matsa su sai sama mai santsi ta koma layi-layi. Za ka duba a Image, sannan Mode.

Ka gama duk gyaran da ke motsa fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, tukuna: share ƙurar gilashi, cire abin da ba ka so, daidaita karkata. Mayafin da za ka haɗa ba ya bin hoton in ya canza. In ka cire sandar lantarki bayan ka haɗa shi, inuwar sandar tana nan a cikin mayafin, kuma za ta fito a gyaranka.

Sannan ka san iyakar dabarar. Wurin da ya ƙone, wato ja da kore da shuɗi duk sun kai 255, babu bayani a cikinsa. Ko wane irin mayafi ka sa, toka kawai za ka samu. Irin wannan wuri sai da ɗauka ta biyu mai duhu, zan zo kanta.

Mayafan haske

Buɗe allon Channels daga Window. Za ka ga tashoshi huɗu: RGB, Red, Green, Blue. Riƙe Ctrl ka danna ɗan hoton da ke gefen RGB, ko ka danna Ctrl+Alt+2. Nan take ɗige-ɗige za su fara zagaya wuraren haske kamar jerin gwano. Kada su ruɗe ka. Fiksel ɗin da zaɓinsu ya wuce kashi 50 kawai suke nunawa, alhali kusan kowane fiksel na hoton ya shiga zaɓin, wani da yawa wani kaɗan. Farin gajimare ya shiga kusan duka, dutse mai ruwan toka ya shiga rabi, inuwa ta shiga ɗan kaɗan, baƙi ƙirin ne kawai bai shiga ba.

A ƙasan allon akwai alama mai murabba'i da da'ira a ciki, Save selection as channel. Danna ta. Sabuwar tasha za ta bayyana da sunan Alpha 1. Danna sunan sau biyu ka mai da shi Haske 1.

Haske 1 ya cika faɗi, kusan ba a aiki da shi shi kaɗai. Don a matse shi, ana haɗa zaɓin da kansa. Zaɓin yana nan a raye, ka riƙe Ctrl+Alt+Shift, za ka ga ƙaramar alamar X a jikin manunin linzami, ka danna ɗan hoton Haske 1. Adana, ka sa masa suna Haske 2. Sake yin haka a kan Haske 2, ka samu Haske 3. Ci gaba har 4 ko 5.

Ya kamata ka fahimci abin da ke faruwa a nan, domin shi ne ginshiƙin komai. Haɗa zaɓi da kansa ninkawa ce ta lissafi. Fiksel mai kashi 50 in aka ninka shi da kansa ya koma 25. A sake ninka wannan da kansa, ya koma kusan 6. Fiksel mai kashi 90 kuwa ya koma 81, sannan kusan 66. Fari tas, mai kashi 100, ba ya motsi ko sau nawa aka ninka. Ka ga ke nan tsaka-tsaki yana zubewa da sauri, haske mai ƙarfi yana riƙewa. In ka ga tsallen daga Haske 2 zuwa Haske 3 ya yi maka yawa, maimakon ka haɗa Haske 2 da kansa, haɗa shi da Haske 1. Mai kashi 50 zai sauka zuwa 12 da rabi ne, ba 6 ba, ka samu mataki a tsakani.

Mayafan duhu da na tsakiya

Na duhu ba su da wuya. Danna Ctrl+D ka saki zaɓi, riƙe Ctrl ka danna Haske 1, sannan Ctrl+Shift+I ka juya zaɓin. Adana shi da sunan Duhu 1. In ka duba shi za ka ga hoton a juye, inuwa ta zama fara. Sai ka bi hanyar ɗazu ta Ctrl+Alt+Shift ka fitar da Duhu 2, 3, 4, har 5 in hoton mai duhu ne sosai.

Na tsakiya su ne ke da ɗan ruɗani. Danna Ctrl+A ka zaɓi hoton duka. Riƙe Ctrl+Alt, alamar ragi za ta fito, ka danna Haske 1, ka sake danna Duhu 1. Photoshop zai yi maka gargaɗi cewa babu fiksel ɗin da zaɓinsa ya wuce kashi 50, don haka ba za ka ga ɗige-ɗigen ba. Danna OK abinka, zaɓin yana nan. Adana shi da sunan Tsakiya 1. Zai fito da duhu sosai, domin mafi ƙarfinsa kashi 25 ne, rabi sau rabi. In ka cire Haske 2 da Duhu 2 maimakon na farko, ka samu Tsakiya 2, wanda ƙarfinsa ya kai kusan kashi 56 kuma ya fi faɗi. Lura da wannan: a haske da duhu lamba tana hawa mayafi yana matsewa, a tsakiya kuwa lamba tana hawa mayafi yana buɗewa.

Da ka gama, danna RGB ka koma hoton mai launi. Mutane da yawa sukan manta, su ci gaba da fenti a kan tashar da suka adana ba su sani ba.

Sa mayafi aiki

Zaɓar mayafin da ya dace ya fi haɗa shi muhimmanci. Danna tashoshin ɗaya bayan ɗaya ka dube su da ido. Tambaya ɗaya ce: abin da nake son gyarawa ya yi fari, abin da nake son karewa ya yi baƙi? In sama kake nufi, nemi wanda sama ta yi haske a cikinsa, ƙasa ta kusa ɓacewa. Sau da yawa Haske 2 ko 3 ne. Kada ka tsaya neman wanda sama ta yi fari tas, ruwan toka mai haske ya isa, sai ka ƙara ƙarfin gyaran.

In ka same shi, riƙe Ctrl ka danna shi, koma RGB, koma allon Layers, ka ƙara leyar gyara ta Curves. Zaɓin zai zama mayafin leyar da kansa. Ja lanƙwasar Curves ɗin zuwa ƙasa, ka ga sama tana duhu rassan bishiya suna nan yadda suke. Riƙe Alt ka danna mayafin don ka gan shi a cike, riƙe Shift ka danna shi don ka kashe shi na ɗan lokaci ka ga bambanci.

A ganina, inda dabarar ta fi biya da wuri shi ne Tsakiya 1. Ɗora Curves a kansa ka yi lanƙwasa mai siffar S, mai ƙarfin da ba za ka taɓa yi wa hoto kai tsaye ba. Hoton zai yi kauri ya yi rai, amma fari ba zai ƙone ba, inuwa ba za ta toshe ba, saboda mayafin ya rufe bakin biyu.

Sauran amfani a taƙaice: rage yashi-yashin da ke fitowa a inuwa ta Duhu 3 ba tare da an goge kaifin wuraren haske ba, ɗumama launin haske ta Haske 2 da sanyaya inuwa ta Duhu 2, da hana ƙarin kaifi taɓa farin da ya kusa ƙonewa.

Gyara mayafin kansa

Mayafi hoto ne, duk abin da ake yi wa hoto ana iya yi masa. Danna shi, ka kira Levels da Ctrl+L. Ja alamar baƙi zuwa dama har ƙasa ta rufe, ja alamar fari zuwa hagu har sama ta buɗe. Yi a hankali. In ka matsa su kusa da juna, laushin da ya sa ka zo neman mayafin ya tafi, bakin ya zama mai kaifi kamar an yanka.

Mayafin haske bai san sama ba, haske kawai ya sani. Farar riga, hasken rana a kan ruwa, farin bango, duk za su shiga Haske 2 tare da gajimare. Kana iya shafa baƙi a kansu cikin mayafin, amma akwai hanyar da ta fi tsafta. Danna leyar gyaran, Ctrl+G ka sa ta cikin rukuni, ka ba rukunin nasa mayafin, ka yi fentinka a can da babban burushi mai laushi. Mayafin ciki yana kula da bakin abubuwa, na waje yana faɗin yankin da gyaran zai tsaya. In ka yi kuskure a na waje, na ciki bai taɓu ba.

Wani lokaci tasha ɗaya ta launi ta fi RGB raba abubuwa. Lissafin haske da aka saba yana ba kore kusan kashi 59, ja 30, shuɗi 11, saboda haka shuɗiyar sama takan fi duhu a RGB fiye da yadda ake zato. A tashar Blue kuwa tana fari, ganye suna duhu. Riƙe Ctrl ka danna Blue, ko Ctrl+Alt+5, ka gina jerinka daga can. Jan gajimaren yamma kuma tashar Red ce tasa, Ctrl+Alt+3.

Akwai matsalar da kowa zai ci karo da ita. In ka haskaka inuwa ta mayafin duhu, fiksel mafi duhu ya fi maƙwabcinsa samun haske, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Sakamakon shi ne inuwa ta buɗe amma ta yi lami, ba zane ba kauri. Maganinta biyu ne. Ko dai ka sa ƙasan lanƙwasar Curves ya tsaya a wurinsa, ka ɗaga sama da shi kaɗan, don baƙi ya ci gaba da zama baƙi. Ko kuma ka cire Duhu 5 daga Duhu 2, ka bar mafi duhun a rufe. Wasu sukan ɗan dusashe mayafin da Feather a allon Properties, hakan yana dawo da zane, amma in ya yi yawa farin zoben nan zai dawo a bakin duwatsu da rassa. Ƙara shi kaɗan-kaɗan, idonka a bakin da haske da duhu suka haɗu, hoton a kashi 100.

Fenti ta cikin zaɓi, da haɗa ɗauka biyu

Nan ne aikin ya fi daɗi. Maimakon ka ɗora mayafin gaba ɗaya, sai ka mai da shi shinge, kai kuma ka yi fenti a bayansa inda kake so.

Mu ɗauka kana da ɗauka biyu na wuri ɗaya daga kan matsayin kyamara mai ƙafa uku: ɗaya mai haske da ƙasa ta fito kyau amma sama ta ƙone, ɗaya mai duhu da sama ta fito. Sa su a fayil ɗaya, mai haske a ƙasa, mai duhu a sama. Zaɓe su duka ka bi Edit, Auto-Align Layers, ko da kana ganin kyamarar ba ta motsa ba. Kuskuren fiksel biyu ya isa ya bar farin zare a bakin kowane abu.

Danna alamar idon da ke gefen leyar sama ka ɓoye ta. Wannan matakin yana da muhimmanci, domin Ctrl da danna RGB abin da ake gani a allo yake karantawa, kuma a ɗauka mai haske ne sama ta fi rabuwa da ƙasa. Haɗa jerin Haske daga nan. Saki zaɓi da Ctrl+D, kunna leyar sama, riƙe Alt ka danna alamar ƙara mayafi, za ta samu baƙin mayafi ta ɓace. Yanzu ɗauko Haske 2 ko 3 da Ctrl, danna Ctrl+H ka ɓoye ɗige-ɗigen, tabbatar mayafin ka danna ba hoton leyar ba, ɗauki babban burushi mai laushi da farin launi, ka rage Flow zuwa wajen kashi 10. Fara shafawa daga inda ya fi ƙonewa. Sama mai duhu za ta riƙa shigowa, burushin yana wucewa ta kan rassa ba ya taɓa su.

Ba ya taɓa su sosai, ya kamata in ce. Reshen da zaɓinsa kashi 10 ne yana karɓar fenti kashi 10 a kowace shafa, kuma shafa tana taruwa. In ka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya, ƙarshe reshen zai yi duhu fiye da sauran bishiyar, saman bishiya baƙi gindinta da haske. Saboda haka a bakin sararin sama ka sassauta hannu, ka duba mayafin da Alt lokaci-lokaci. Wannan taruwar ita ce kuma amfanin hanyar: inda mayafi ya yi rauni, kana iya ƙara masa ƙarfi da shafa ta biyu.

Abu biyu sukan ɓata irin wannan haɗi. Na farko, tazarar ɗaukan biyu ta yi yawa, sai wurin haɗuwarsu ya yi toka-toka. Kafin ka haɗa, ɗan haskaka mai duhun, ɗan rage mai hasken, su kusanci juna. Na biyu, zarin hannu: a duhunta sama har ta fi ƙasa duhu. Ido ya san sama ce ke ba ƙasa haske, in aka juya haka hoton ya zama na ƙarya ko da babu zobe ko ɗaya. Rage Opacity na leyar sama zuwa 70 ko 80 yakan gyara wannan. In iska ta kaɗa ganye tsakanin ɗaukan biyu kuwa, mayafi ba shi da magani. Gara ka fitar da kwafi biyu daga RAW ɗaya, ɗaya da haske ɗaya da duhu, in har saman ba ta ƙone ƙurmus ba.

Da ka gama, kada ka manta Ctrl+D. Ɓoyayyen zaɓi da aka manta da shi shi ne dalilin mafi yawan koken cewa burushi ya daina aiki.

Haka ake yin ƙarin haske da duhu da hannu. Sabuwar leya, cika ta da 50% Gray ta Shift+F5, mai da yanayin haɗinta Soft Light, ɗauko Haske 3 ka shafa fari a kan bakin dutsen da rana ta taɓa. Hasken zai tashi, ramukan dutsen su zauna da duhunsu.

Gajerun hanyoyi

Ba dole ba ne a bi ta zaɓi. Danna farin mayafin leyar gyara tun kafin ka taɓa lanƙwasarta, ka bi Image, Apply Image. Sa Layer a Merged, Channel a RGB, Blending a Multiply, ka danna OK: Haske 1 ke nan. Maimaita, ka samu Haske 2. Sa alama a Invert, ka samu na duhu. A Image, Calculations kuma, sa tushe biyun a Gray da Multiply, sakamako ya tafi sabuwar tasha: Haske 2 kai tsaye. Juya duka biyun, Duhu 2. Juya ɗaya kawai, Tsakiya 1. Masu aikin da yawa sun koma waɗannan hanyoyi don mayafin ya riƙe cikakken santsin 16-bit, abin da ke da amfani a sama mai faɗi ba gajimare.

Akwai kuma Blend If, a ƙasan tagar Layer Style, mai ɓoye leya ko nuna ta gwargwadon haske. Riƙe Alt ka raba ƙananan alamomin gida biyu don bakin ya yi laushi. Falalarsa ita ce yana bin hoton in leyoyin ƙasa sun canza. Naƙasarsa, ba ka ganin mayafi balle ka yi masa fenti.

A wasu manhajoji

A GIMP hanya mafi sauƙi ita ce ka kwafi leyar, ka danna dama, Add Layer Mask, ka zaɓi Grayscale copy of layer, ka sa alama a Invert mask in na duhu kake so. Sai ka matse mayafin da Curves ko Levels, ka yi gyaran a kan kwafin. In jeri kake so irin wanda muka haɗa a Photoshop, a GIMP cirewa ake yi: zaɓi duka a cire tashar haske a samu duhu na farko, a sake cirewa a samu na biyu.

Lightroom Classic ya samu zaɓi ta gwargwadon haske a 2017, aka sake fasalin sashen mayafai a 2021. Yanzu Luminance Range ne: ka danna wurin da kake so a hoton, ka ja iyaka biyu da laushin bakinsu. Haɗa shi da Linear Gradient ta Intersect, ka samu irin aikin mayafin rukuni. Capture One yana da Luma Range, darktable yana da parametric mask a yawancin sassansa, Affinity Photo 2 kuma yana da mayafin Luminosity Range mai bin hoto in ya canza. Ga gyaran hoto ɗaya waɗannan sun isa, har sun fi sauri. Haɗa ɗauka biyu da mayafi ne sai manhaja mai leyoyi.

In za ka riƙa yin aikin a kai a kai, buɗe allon Actions ka naɗi matakan haɗa tashoshin sau ɗaya, daga baya danna ɗaya ya isa. Kafin ka adana fayil kuma, goge tashoshin da ka haɗa. Kowace ɗaya cikakken hoto ne na baƙi da fari, goma sha biyar a 16-bit suna kumbura fayil ƙwarai, ga PSD ba ya wuce gigabait 2, TIFF ba ya wuce 4, sai dai a koma PSB. Mayafan da ka riga ka ɗora a leyoyi ba za su tafi da su ba.